Rubuta fulogin na sauti

Rubuta fulogin na sauti reshe ne na aikin rubuta manhajar kwamfuta da ya shafi ƙera ƙananan manhajoji masu sarrafa murya ko samar da kiɗa. Irin wannan ƙaramar manhaja, wadda ake kira fulogin, ba ta aiki ita kaɗai. Sai an buɗe ta a cikin babbar manhajar haɗa kiɗa, kamar FL Studio, Cubase, REAPER ko Pro Tools. Ana kiran babbar manhajar mai masauki, shi kuwa fulogin yana matsayin baƙo. Mai masauki ya miƙa masa sauti, ya yi aikinsa a kai, ya mayar masa. Fulogin iri biyu ne a taƙaice. Akwai mai gyara sautin da aka riga aka ɗauka, kamar mai ƙara ƙarfi, mai tace ƙara, mai sa amsa-kuwwa ko mai daidaita muryar mawaƙi. Akwai kuma mai samar da sauti daga tushe, wanda yake aiki kamar abin kiɗa idan an danna madannan fiyano.

A biranen ƙasar Hausa irin su Kano, Kaduna da Zariya, masu ƙananan situdiyo suna amfani da fulogin kullum wajen haɗa waƙoƙin fim, na biki, na siyasa da na bege, amma akasarin waɗanda ke hannunsu an rubuta su ne a ƙasashen waje, musamman Turai da Amurka. Koyon rubuta su ya ƙunshi fannoni uku da suka sha bamban, wato harshen kwamfuta, lissafin sarrafa sauti, da ƙa'idojin da mai masauki ya shimfiɗa wa baƙonsa. Yawancin wahalar da mafari ke sha tana zuwa ne daga ƙoƙarin haɗiye ukun a lokaci guda.

Tarihi

Samar da sauti da kwamfuta ya girmi fulogin da kusan shekara arba'in. A shekara ta 1957 Max Mathews ya rubuta manhajar MUSIC a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. A wancan zamani kwamfuta takan ɗauki dogon lokaci tana lissafi kafin a ji ɗan gajeren sauti. A 1983 kamfanonin ƙera kayan kiɗa suka amince da tsarin MIDI, wanda ya ba fiyano damar gaya wa wata na'ura wane madanni aka danna da kuma ƙarfin dannawar. Har yau da shi ake tura umarni ga fulogin mai samar da kiɗa.

A shekara ta 1996 kamfanin Steinberg na birnin Hamburg a Jamus ya fito da tsarin VST a cikin manhajarsa ta Cubase, sannan ya ba sauran masu rubuta manhaja damar amfani da shi. Wannan ne ya sa mutum ɗaya a ɗakinsa zai iya rubuta abin da zai yi aiki a cikin manhajar babban kamfani. Tsarin VST 2 na shekarar 1999 ya ƙara damar karɓar MIDI, aka fara samun fulogin masu kiɗa. VST 3 ya fito a 2008, kuma a 2018 Steinberg ya daina ba da sabon lasisin VST 2. Wannan na da muhimmanci ga mafari, domin tsofaffin darussa da yawa da ke yawo a intanet sun dogara ne da VST 2.

Akwai wasu tsare-tsaren. Kamfanin Apple yana da Audio Units a kwamfutocinsa, Avid yana da AAX na Pro Tools tun 2011, masu Linux suna da LV2, sannan a 2022 kamfanonin Bitwig da u-he suka fito da CLAP. Fulogin da aka gina a tsari ɗaya ba ya buɗuwa a manhajar da ba ta san wannan tsarin ba.

Fulogin da ya fi kowanne tasiri a waƙar zamani shi ne Auto-Tune, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997. Wanda ya ƙirƙire shi, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin motsin sauti a ƙarƙashin ƙasa domin neman man fetur, ya ɗauko irin wancan lissafi ya ɗora a kan muryar ɗan Adam.

Yadda sauti ke zama lamba

Sauti motsin iska ne. Makirufo yana juya motsin zuwa wutar lantarki mai hawa da sauka, katin sauti kuma yana auna wutar sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya yana rubuta abin da ya samu. Kowane awo guda ana kiransa samfur. A faifan CD ana ɗaukar samfur 44,100 a daƙiƙa, a aikin bidiyo kuwa an fi amfani da 48,000. An zaɓi waɗannan adadi ne saboda wata ƙa'ida da ake dangantawa da Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda ta nuna cewa sai yawan awo ya wuce ninki biyu na sautin da ya fi kaifi kafin a iya adana shi daidai. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 20 Hz zuwa 20,000 Hz.

A cikin fulogin, kowane samfur lamba ce mai ɗigo, yawanci tsakanin −1 da +1. Shiru shi ne jerin sifiri. Daga nan duk abin da fulogin ke yi lissafi ne a kan wannan jeri. Idan aka ninka kowane samfur da 0.5, ƙarfin sauti ya ragu da kusan desibel 6. Idan aka tara jerin murya da jerin kiɗa, lamba da lamba, an haɗa su ke nan. Idan aka ajiye samfur aka dawo da shi bayan an ƙirga 22,050, an sami amsa-kuwwa ta rabin daƙiƙa, muddin ana aiki da 44,100. Ɗalibin da ya gama sakandare ya san duk lissafin da ke cikin waɗannan misalai uku, kuma da su aka gina fulogin masu yawa da ake sayarwa da tsada.

Matacin sauti, wanda ke rage kaifi ko kauri, shi ma haka yake. Mafi sauƙinsa yana ɗaukar samfur da ya fita ɗazu, ya matsar da shi kaɗan zuwa wajen sabon samfur da ya shigo. Tun da fitar ba ta iya tsalle da sauri, sautuka masu kaifi sai su dushe, masu kauri su wuce, kamar yadda rariya ke riƙe tsaki ta saki gari.

Ƙa'idar lokaci

Abin da ya raba wannan fanni da sauran aikin manhaja shi ne lokaci. Mai masauki ba ya miƙa samfur ɗaya-ɗaya. Yana tara su ƙunshi-ƙunshi, misali 128, 256 ko 512, ya miƙa wa fulogin, ya jira. Ƙunshi mai samfur 512 a kan 44,100 yana ɗaukar kusan milisakan 11.6 kafin ya ƙare a lasifika, wato ana kiran fulogin kusan sau 86 a kowace daƙiƙa. Wannan ɗan lokaci ma ba nasa ba ne shi kaɗai, domin waƙa ɗaya tana iya ɗaukar fulogin talatin ko fiye, duk suna rabon lokacin. Idan ɗaya ya makara, katin sauti ba shi da abin fitarwa, sai a ji ƙas-ƙas ko yankewa a lasifika. Shafin intanet da ya yi jinkirin rabin daƙiƙa ba wanda zai kula. Fulogin da ya yi jinkirin milisakan biyu yana iya ɓata ɗaukar da mawaƙi ya sha wahala a kanta.

Saboda haka akwai abubuwan da aka hana yi a sashen da ke sarrafa sauti. Ba a neman sabon gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba a buɗe fayil, ba a jiran intanet, ba a tsayawa jiran wani sashe na manhajar ya gama nasa aikin. Dalili ɗaya ne, ba wanda ya san tsawon lokacin da waɗannan za su ɗauka. Duk abin da ake buƙata ana tanadarsa ne tun kafin kiɗa ya fara. Fuskar fulogin, wato maɓallai da zanen da mai amfani ke gani, tana tafiya ne a wani layin aiki daban, kuma isar da saƙo tsakanin layukan biyu ba tare da ɗaya ya tsayar da ɗaya ba yana cikin abubuwan da ke ba ƙwararru ma wahala.

Wannan ƙa'ida ce ta sa harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya fara ƙirƙira a 1979, ya mamaye fannin. Yana ba marubuci iko a kan yadda ake amfani da ƙwaƙwalwar kwamfuta da lokacin da ake yin hakan. Harsuna irin su Python da Java suna share ƙwaƙwalwa da kansu a lokacin da suka ga dama, don haka ba kasafai ake rubuta zuciyar fulogin da su ba, ko da yake Python na da amfani sosai wajen gwada dabara a kan fayil ɗin sauti kafin a mayar da ita C++.

Matakan koyo

Ba hanya ɗaya ce ake bi ba, amma wadda ta fi sauƙi ga wanda bai taɓa rubuta manhaja ba ita ce ya fara jin lissafin da kunnensa kafin ya shiga C++.

Akwai kayan aiki da aka yi domin haka. Pure Data, wadda Miller Puckette ya fitar a 1996, kyauta ce, kuma ana haɗa akwatuna ne da layuka a maimakon rubutu. Harshen Faust, wanda cibiyar Grame da ke Lyon a Faransa ta fara a 2002, an yi shi ne domin sauti kawai, kuma rage ƙarfi zuwa rabi a cikinsa layi ɗaya ne:

process = _ * 0.5;

Manhajar REAPER ta kamfanin Cockos tana ɗauke da nata ƙaramin harshe mai suna JSFX. A nan mai koyo yana rubutu, ya adana, ya ji canjin nan take ba tare da ya gina komai ba:

@sample
spl0 *= 0.5;
spl1 *= 0.5;

Layin farko yana nufin a yi abin da ke biye ga kowane samfur, na biyu da na uku kuma ɓangaren hagu da na dama ne. REAPER ba ta da nauyin saukewa, tana aiki a tsohuwar kwamfuta, kuma tana ba da kwana 60 na gwaji. Ga mai ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka da data ƙididdigagga, da wuya a sami mafarin da ya fi wannan.

Mataki na biyu shi ne C++ shi kaɗai, ba tare da sauti ba. Ana buƙatar sanin yadda ake ajiye lamba, yadda ake maimaita aiki, jerin lambobi, aji da abin da aka gina daga aji, da kuma manuni, wato lambar da ke nuna inda wata lamba take zaune a ƙwaƙwalwa. Manuni ne ke ka da mafari da yawa, kuma ba makawa sai an san shi, domin ta hanyarsa mai masauki ke miƙa ƙunshin sauti. Wannan mataki yakan ci watanni. Mai gaggawa da ya tsallake shi yakan kwafi darasin bidiyo harafi da harafi, fulogin ya yi aiki, amma ranar da kuskure ɗaya ya fito ba ya iya karanta saƙon da kwamfuta ta ba shi.

Mataki na uku shi ne ɗaukar harsashin da wasu suka riga suka gina. Rubuta VST 3 kai tsaye daga kayan Steinberg aiki ne mai sarƙaƙiya, don haka akasarin masu sana'ar suna amfani da JUCE, wanda Julian Storer ya fitar a 2004 daga cikin aikinsa na manhajar Tracktion. Kamfanin ROLI ya saye shi a 2014, sannan PACE ya saya a 2020. Amfaninsa shi ne a rubuta sau ɗaya a fitar da VST 3, Audio Units da AAX. Akwai kuma iPlug2 da DPF. A JUCE, aikin mafari ya fi taruwa a wurare kaɗan. A prepareToPlay mai masauki ke faɗin yawan samfur a daƙiƙa da girman ƙunshi, a nan ake tanadi. A processBlock ake sarrafa sauti, a nan ƙa'idar lokaci ke aiki. Sai getStateInformation da setStateInformation, inda ake adana matsayin maɓallai domin mai haɗa kiɗa ya tarar da su yadda ya bari idan ya sake buɗe waƙarsa gobe. A Windows ana ginawa da Visual Studio Community, wadda kyauta ce, a ajiye sakamakon a jakar VST3 da ke ƙarƙashin Common Files, mai masauki ya gano shi.

Jerin ayyukan farko kusan ɗaya ne a ko'ina. Ana farawa da maɓallin ƙarfin sauti, sai mai karkatar da sauti hagu da dama, sai amsa-kuwwa, sai mataci, sai ƙaramin abin kiɗa mai fitar da sauti ɗaya. Amsa-kuwwa ce ke koyar da ma'ajiya mai zagaye, inda ake rubutu a jeri idan an kai ƙarshe a koma farko. Mataci kuma shi ke tilasta wa mai koyo komawa ga lissafin kusurwa da logaridim da ya bari a aji.

Littattafan fannin da Turanci suke. Na Steven W. Smith kan sarrafa sigina, wanda ya fito a 1997, yana intanet kyauta kuma an rubuta shi domin wanda lissafinsa bai yi zurfi ba. Na Julius O. Smith na Jami'ar Stanford su ma kyauta ne, sai dai sun fi zurfi. Will Pirkle ya rubuta littattafai kan gina fulogin da C++. Haka kuma akwai cikakkun fulogin da aka buɗe rubutunsu ga kowa, kamar Surge XT, Dexed da tarin Airwindows na Chris Johnson. Na Airwindows gajeru ne, ba su da zanen fuska, don haka sun fi daɗin karatu ga mafari.

Kura-kuran da aka saba gani

Kuskure mafi haɗari ya shafi kunne. A amsa-kuwwa ana mayar da wani kaso na fitar sauti cikin shigarsa. Idan kason ya wuce 1, sautin yana ƙaruwa a kowane zagaye har ya zama ƙara mai tsanani cikin ƙiftawar ido. Saboda haka ake gwada sabon fulogin da lasifika a ƙasa-ƙasa, ba da abin saƙalawa a kunne ba, a kuma sa mai taƙaita ƙarfi a bayansa.

Na biyu shi ne ɗauka cewa kullum 44,100 ake aiki da shi. Wanda ya rubuta 22,050 a matsayin rabin daƙiƙa zai tarar amsa-kuwwarsa ta gajarce a situdiyon da ke aiki da 48,000. Haka girman ƙunshi, yana iya canzawa daga kira zuwa kira, kuma FL Studio ta yi suna wajen miƙa ƙunshi masu girma daban-daban. Tun da ita ce ke hannun masu haɗa kiɗa da yawa a Najeriya, gwaji a cikinta ya zama dole. Na uku shi ne canza lamba farat ɗaya idan an murɗa maɓalli, abin da ke haifar da ƙarar tsattsagewa. Maganinsa a tafi da canjin sannu a hankali cikin 'yan milisakan.

A Zariya da ƙasar Hausa

Kiɗan kwamfuta ya shigo ƙasar Hausa ne ta ƙofar fim. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, masana'antar da daga baya aka kira Kannywood ta buƙaci waƙoƙi masu yawa cikin sauri, sai masu kiɗa suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR. Daga nan aka sami salon da ake kira nanaye, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce a kansa. Da kwamfuta ta yi araha, sai manhaja ta karɓi babban kaso na aikin fiyano, gyaran murya irin na Auto-Tune kuma ya zama alamar waƙar zamani.

Unguwar Tudun Wada, wadda ta taso a zamanin mulkin mallaka tsakanin birnin Zariya mai ganuwa da Sabon Gari, tana kusa da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. Jami'ar, da aka kafa a 1962, tana koyar da kimiyyar kwamfuta da injiniyancin lantarki a babbar harabarta ta Samaru, inda kuma cibiyar kwamfuta mai sunan Farfesa Iya Abubakar take. Lissafin sarrafa sigina da ɗaliban injiniyanci ke karantawa domin sadarwa shi ne dai na fulogin. Abin da ya rage shi ne haɗuwar wanda ya san lissafin da wanda ya san abin da kunnen mai sauraro ke so, kuma a gari irin Zariya mutanen biyu suna iya zama a layi ɗaya.

Matsalolin mai koyo a irin wannan unguwa sanannu ne. Visual Studio da kayan C++ suna cin gigabait da yawa, don haka ya fi sauƙi a sauke su sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi. Gina JUCE karon farko yana ɗaukar lokaci a ƙaramar kwamfuta yana kuma shan batir, abin lura ne a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Audio Units ba ya ginuwa sai a kwamfutar Apple, amma wannan ba babban rashi ba ne, tun da VST 3 a Windows ya wadatar.

Ita kanta wutar tana ba da darasi mai kyau. Wutar lantarki a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Idan waya ba ta da kyau ko ba a haɗa ta da ƙasa ba, wannan kaɗawa tana shiga ɗauka a matsayin gurnani mai kauri a 50 Hz, tare da 'ya'yansa a 100, 150 da sama. Duk wanda ya saurari wa'azi ko taron da aka ɗauka da lasifikar haya ya san wannan gurnani. Mataci mai ƙunci da ke cire 50 Hz da 'ya'yansa aiki ne da mafari zai iya gamawa, kuma yana da amfani nan take. Idan da ƙaramin janareta aka yi ɗaukar, abin ya ƙara wuya, domin gudun injin yana sauyawa da nauyin da aka ɗora masa, gurnanin ya riƙa kaucewa daga 50. A nan sai fulogin ya iya bin sawunsa, wanda mataki ne na gaba a koyo.

Fage mafi faɗi shi ne kayan kiɗan gargajiya. David Ames, wanda ya yi bincike a Zariya, da Anthony King sun wallafa kundin kalmomin kiɗan Hausa a 1971, inda suka tattara sunayen kayan kiɗa da na makaɗa masu yawa. Tarin sautukan Afirka ta Yamma da manyan kamfanoni ke sayarwa kuwa sun fi karkata ga jembe, kora da balafon na ƙasashen Mali, Gini da Senegal. Mai haɗa kiɗa da ke son amon gurmi ko kukuma yakan nemi abin da ya yi kama da shi a fiyano ya haƙura.

Kayan tsirkiya da ake taɓawa da yatsa su suka fi sauƙin kwaikwayo. A 1983 Kevin Karplus da Alex Strong suka wallafa wata dabara mai sauƙi. Ana cika ɗan gajeren jeri da lambobin da aka zaɓa barkatai, a riƙa zagaya shi, a kowane zagaye ana maye gurbin samfur da matsakaicinsa da na maƙwabcinsa. Abin da ke fita yana kama da tsirkiyar da aka taɓa tana mutuwa a hankali. Tsawon jerin ne ke yanke kaifin sautin, jeri mai samfur 100 a kan 44,100 yana ba da kusan 440 Hz. Kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa kuma ƙaramin gwangwani ne da aka rufe da fata, don haka bayan tsirkiyar sai a ƙara matacin da zai ba da amon gwangwanin. Goge da kukuma, da ake gogawa da izga, sun fi wuya ƙwarai, domin sautinsu yana ci gaba ne muddin hannu na tafiya.

Kalangu, wanda aka san Mamman Shata da shi, matsalarsa daban ce. Makaɗi yana matse tsarkiyoyin da ke jikin gangar da hammatarsa, fatar ta ɗaure, sautin ya hau, ya saki ya sauka, har a tsakiyar bugu ɗaya. Fulogin da ke kunna bugun da aka ɗauka kawai ba zai kama wannan ba. MIDI yana da saƙon lanƙwasa sauti mai matakai 16,384, amma bisa al'ada an taƙaita shi ga tazarar madannai biyu na fiyano sama da ƙasa, kalangu kuwa yana wuce haka, don haka sai marubuci ya faɗaɗa tazarar.

Hawa da saukar kalangu na da alaƙa da harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai karin sama, karin ƙasa da faɗau, kuma da su ake bambance kuka na hawaye da kuka ta miya. Da wannan kari ne kalangu ke yin take har mai sauraro ya gane abin da ake faɗa. Fulogin mai daidaita murya kuwa aikinsa shi ne jan murya zuwa madanni mafi kusa a ma'aunin Turai mai matakai 12, inda kowane mataki ya ɗara na ƙasa da shi da ninki kusan 1.059. Idan aka tsananta saurinsa, yana mayar da zamiyar murya tsalle-tsalle. Wasu mawaƙa wannan amon suke nema da gangan. Mai rubuta fulogin da ya san harshen yana da damar yanke shawarar wace zamiya za a gyara, wace za a bari, kuma manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Jami'ar Amsterdam domin nazarin furuci, tana zana layin hawa da saukar murya kyauta ga mai son ya gani da idonsa kafin ya fara.

Lasisi da haƙƙi

JUCE yana da lasisi iri biyu. Mutum na iya amfani da shi kyauta idan zai buɗe rubutun fulogin ɗinsa ga kowa, ko kuma idan kuɗin da yake samu bai kai wani adadi da kamfanin ya yanke ba. Wanda ya wuce adadin sai ya biya. Sharuɗɗan suna canzawa daga fitowa zuwa fitowa, don haka ana karanta na lokacin da ake ciki. Tsarin CLAP a buɗe yake ga kowa. AAX kuwa sai an yi rajista da Avid an kuma sa wa fulogin hatimin PACE kafin ya buɗu a Pro Tools na kasuwa. Rubutun da aka ɗauko daga fulogin mai lasisin GPL, kamar Surge XT, yana wajabta wa wanda ya ɗauka ya buɗe nasa idan zai rarraba.

Idan fulogin ya ƙunshi sautin da aka ɗauka daga hannun makaɗi, akwai haƙƙin makaɗin. Bugun kalangu ɗaya da aka ɗauka da kyau yana iya shiga waƙoƙi ɗaruruwa ba tare da an sake kiran mai shi ba. Kamfanonin da ke wannan sana'a suna rubuta yarjejeniya da makaɗi tun kafin ɗauka, a faɗi abin da za a biya shi, ko kuɗi ne a dunƙule ko kaso daga ciniki, da kuma inda aka yarda a yi amfani da sautin.